Yadda ake hana rile kunna kaya da kansa idan wuta ta dawo

Duk wanda ya taɓa haɗa allon rile, wato makunnin da ƙaramar wuta take motsawa don ya kunna babban kaya, da ƙaramar kwamfutar sarrafa kaya (kwantirola) irin Arduino ko ESP ya san wannan ƙarar: da zarar an ba na'urar wuta, tun kafin ta fara aikin da aka rubuta mata, sai a ji rile ya yi ƙas, 'yar fitilarsa ta haska, sannan ya saki. A kan teburin gwaji abin ba ya damun kowa, domin ƙwan fitila ne kawai yake ƙyaftawa. Amma idan injin jan ruwa na rijiyar burtsatse ne yake bayan rilen, ko hitar injin ƙyanƙyasar ƙwai, ko kwamfuresar firiji, to wannan ɗan motsi yana iya jawo asara. A nan Bauchi, inda gida ɗaya kan sauya tsakanin wutar gari da janareta da inbata sau da yawa a yini, na'ura tana mutuwa tana tashi fiye da yadda mai haɗa ta ya yi zato, kuma a kowane tashi akwai ɗan lokacin da manhajar da ka rubuta ba ta da iko a kan komai. Halin da rile zai kasance a wannan lokacin, wayoyi da rizistocin da ka haɗa ne suke yanke shi, saboda haka daga can ya kamata gyara ya fara.

Kafin a ɗauki rizista ko a buɗe kwamfuta, sai ka fara tambayar kanka: idan kwantirola ba ta cikin hayyacinta, wane hali ne ya fi aminci ga wannan kayan, a kashe ko a kunne? Rile yana da bakuna uku da ake ɗaura wayar kaya, an rubuta musu COM da NO da NC. Idan babu wuta a koyil ɗinsa, wato naɗaɗɗiyar wayar da take zama maganaɗisu ta ja bakin rilen, COM yana haɗe da NC, kuma yana rabe da NO. Injin ruwa da hita da duk abin da zai yi ɓarna idan ya tashi babu mai lura, a kan NO ake ɗaura su, ta yadda mutuwar kwantirola za ta zama mutuwarsu. Ƙararrawar gargaɗi kuwa akasin haka take so: a ɗaura ta a kan NC, a ba ta batirinta daban, manhaja ta riƙe rilen a kunne muddin komai lafiya, ranar da kwantirola ta mutu sai rilen ya saki, ƙararrawa ta yi kuka. Mai injin ƙyanƙyasa ya fi kowa buƙatar wannan tunani, domin ƙwan kaza yana son zafi kusan digiri 37.5 na tsawon kwana 21, kuma yana jure ɗan sanyi na wani lokaci fiye da yadda yake jure zafin da ya wuce kima. Ban yarda a bar hitar irin wannan injin a hannun rile shi kaɗai ba. A jera mata makatsar zafi mai zaman kanta a kan layi ɗaya, wadda za ta yanke wuta ko da bakin rilen ya manne.

Abu na biyu shi ne ka san irin allon da ke hannunka. Yawancin allunan da ake sayarwa suna ɗauke da shuɗin rilen nan na Songle mai lamba SRD-05VDC-SL-C, wanda koyil ɗinsa yake aiki da bolt 5 yana jan kusan miliamfiya 70, amma ba duka suke amsa umarni iri ɗaya ba. Wasu suna kunnuwa idan aka kai ƙafar IN, inda umarnin kwantirola yake shiga, sama, wato HIGH. Da yawa kuma, musamman masu rile biyu da huɗu da takwas da suke da oftokofla (guntun da yake isar da umarni ta hanyar haske) irin PC817, suna kunnuwa ne idan aka kai IN ƙasa, wato LOW. Akwai kuma masu 'yar hula da ake matsarwa tsakanin H da L don zaɓen wanda ake so. Kada ka dogara da abin da mai shago ya faɗa. Ka ba allon bolt 5 shi kaɗai ba tare da kwantirola ba, ka ɗauki 'yar waya ka taɓa IN da GND (layin ƙasa), sannan ka taɓa IN da VCC (layin wuta), ka ji a inda rilen yake yin ƙara. Ka kuma lura da halinsa idan IN tana sake ba a haɗa ta da komai ba, domin wannan shi ne halin da zai tsinci kansa a farkon tashin kwantirola.

Dalilin kuwa shi ne, kwantirolar ATmega328P da ke cikin Arduino Uno, kamar galibin 'yan uwanta, tana farkawa ne da dukkan ƙafafunta a matsayin masu karɓa, ba ta tura su sama ba, ba ta ja su ƙasa ba. Ƙafa a wannan hali kamar ƙyauren da ba a sa wa sakata ba ne, duk iskar da ta zo za ta kaɗa shi. Daga nan sai ƙaramar manhajar tashi da ke jiran saƙo daga kwamfuta ta yi nata aikin, bayan ta gama sannan taka manhajar ta soma. Allon da ke da oftokofla mai kunnuwa da LOW yakan zauna shiru a wannan tsakani, domin sai an ja wuta ta cikin fitilar oftokoflar kafin ya motsa. Wanda aka haɗa da MOSFET (wani irin tiransista) kuwa, ko tiransista da ba a ɗaure ƙafarsa ta umarni ba, shi ne abin tsoro, domin ƙofar MOSFET tana riƙe duk cajin da ya same ta, har taɓawar yatsa tana iya kunna ta, balle a lokacin hunturu da iska take bushewa, caji yake taruwa a jikin mutum da tufafinsa.

Maganin ƙafar da ke sake rizista ɗaya ne. Idan allonka da HIGH yake kunnuwa, ka sa rizista mai 10k tsakanin IN da GND, ya riƙe ta a ƙasa. Idan da LOW yake kunnuwa, ka sa shi tsakanin IN da VCC, ya riƙe ta a sama. A liƙa shi da dalma a gefen allon rilen, kada a sa shi a gefen kwantirola, domin ranar da wayar da ke tsakaninsu ta zare ko ɓera ya cinye ta, rizistan zai ci gaba da riƙe rilen a kashe. Ba kaya ne mai wuyar samu ba; kowane mai gyaran rediyo da talabijin yana da shi, kuma ana cire shi daga mataccen allo, launukansa ruwan ƙasa da baƙi da ruwan lemo. Wasu sukan ce ai akwai rizista na cikin kwantirola mai tsakanin 20k da 50k. Akwai shi, amma a kan Uno manhaja ce take kunna shi, kuma rashin manhajar a wannan lokacin shi ne matsalar da muke magana a kai. Idan kwantirolarka mai bolt 3.3 ce, kamar ESP8266 da ESP32 da Raspberry Pi, to rizistan da ke jan ƙafa sama a kan 3.3 za a ɗaura shi, domin ƙafafun waɗannan ba a yi su don bolt 5 ba.

Sai dai rizista yana da iyaka, kuma nan ne mutane da yawa suke ɓata lokaci. Ƙafar da ke sake kaɗai yake iya riƙewa. Idan kwantirola da kanta ta tura ƙafa ƙasa, ƙarfinta ya rinjayi na rizista nesa ba kusa ba, kuma rilen da LOW ke kunnawa zai kunnu. Wannan yana faruwa ta hanya biyu.

Hanya ta farko daga manhajarka take. A kan Uno, da zarar ka rubuta pinMode ka mai da ƙafa OUTPUT, wato mai bayarwa, to a LOW take fitowa, domin ma'ajin da ke riƙe da halinta da sifili yake farawa. Ga allon da LOW ke kunnawa, wannan umarnin kunnawa ne, kuma zai ci gaba da zama a kunne har sai an iso layin da ya ce HIGH. Idan layin yana biye nan take, tazarar ba za ta ishi rilen ya motsa ba, tunda yana buƙatar 'yan milisakan kafin bakinsa ya haɗu. Amma sau da yawa mai rubutu yakan jera duk pinMode a sama, sannan ya tayar da allon rubutu da agogo da na'urar auna zafi, ya saka jinkirin sakan biyu don sunan aikinsa ya bayyana a allo, sannan ya tuna da kashe rile. A cikin sakan biyun nan injin ruwa ya riga ya tashi. Gyaran shi ne a juya jerin, a kuma sa shi a farkon setup, sashen da manhaja take farawa da shi, kafin komai (a nan rilen yana kan ƙafa ta 7):

digitalWrite(7, HIGH);
pinMode(7, OUTPUT);

Layin farko yana rubuta ɗaya a ma'ajin tun ƙafar tana matsayin mai karɓa, saboda haka idan layi na biyu ya mai da ita mai bayarwa, a sama take fitowa ba tare da ta taɓa ƙasa ba. Wannan dabara tabbatacciya ce a kan Uno da Nano da Mega. A kan ESP32 da sauran alluna sai ka gwada ta da idonka kafin ka dogara da ita, domin ba duka suke karɓar digitalWrite kafin pinMode ba.

Hanya ta biyu daga kwantirolar kanta take, domin akwai ƙafafun da take amfani da su wajen tashi. A kan Uno, ƙafa ta 13 tana ƙyafta fitila a lokacin tashi, ƙafa ta 0 da ta 1 kuma na hira da kwamfuta ne, saboda haka kada a ɗaura rile a kan ɗayansu. ESP8266 ta fi tsanani. Tana duba ƙafafunta GPIO0 da GPIO2 da GPIO15 a daidai lokacin da ta farka don ta san abin da ake so ta yi: biyun farko dole su kasance a sama, GPIO15 kuma a ƙasa. Idan ka ɗaura allo mai kunnuwa da HIGH a kan GPIO0, allon yana iya jan ƙafar ƙasa, sai ESP ta ɗauka sabuwar manhaja za a loda mata, ta zauna tana jira, kai kuma ka ɗauka ta ƙone. Tana kuma fitar da saƙonnin tashi ta ƙafar TX, kuma GPIO2 ma takan yi motsi a lokacin. Ƙafafun da suka fi natsuwa su ne GPIO4 da GPIO5, waɗanda aka rubuta wa D2 da D1 a kan allon NodeMCU, kuma su zan ba rile kafin kowace. A kan ESP32 a kauce wa GPIO0 da 2 da 5 da 12 da 15, waɗanda ake dubawa wajen tashi, musamman 12, wadda idan ta kasance a sama takan sa a zaɓi bolt 1.8 ga ma'ajin manhaja, allon ya ƙi tashi. Daga GPIO6 zuwa 11 na ma'ajin ne, daga 34 zuwa 39 kuma karɓa kawai suke yi, ba sa bayarwa.

Raspberry Pi tana ɗaukar sakanni masu yawa kafin ta gama tashi, saboda haka tazarar da babu mai iko ta fi tsawo. Tun farko GPIO0 zuwa 8 ana jan su sama da rizistan ciki, GPIO9 zuwa 27 kuma ana jan su ƙasa, don haka ka zaɓi ƙafar da halinta na asali ya dace da kashe rilenka. Ana kuma iya rubuta layi irin gpio=17=op,dh a cikin fayil ɗin config.txt da Pi take karantawa wajen tashi, wanda zai mai da GPIO17 mai bayarwa, ya kai ta sama tun da wuri, kafin manhajarka ta fara.

Akwai wata matsala da ta fi duk waɗannan ɓoyuwa, kuma ina ganin ita ce ta fi cancanta a tsaya a kanta. Rile takwas idan suka kunnu tare suna jan kusan miliamfiya 560, abin da ya wuce 500 ɗin da bakin USB na kwamfuta ya saba bayarwa, don haka mai hankali yakan ba allon rilen wutarsa daban. Wannan daidai ne. Amma ka duba abin da zai faru idan wutar allon rilen tana nan, ta kwantirola kuma ta mutu, ko ta yi jinkirin zuwa. A cikin kowace ƙafar kwantirola akwai dayod na kariya da ke kallon layin wutarta. Idan layin ya mutu, wutar da ke fitowa daga VCC na allon rilen tana bi ta fitilar oftokofla, ta shiga ƙafar, ta ratsa dayod ɗin ta sauka. A wajen allon rilen wannan daidai yake da LOW, sai dukkan rilen su kunnu a lokaci guda alhali kwantirola tana mace, kuma babu layin manhaja da zai hana.

Maganin yana kan allon, wato 'yar hular roba da ke haɗa ƙafar JD-VCC da VCC. JD-VCC ce take ciyar da koyil, VCC kuwa fitilun oftokofla kawai take ciyarwa. Ka zare hular, ka kai wutar nan ta daban mai bolt 5 zuwa JD-VCC da GND na allon, sannan ka ɗauko VCC daga jikin kwantirolar kanta. Yanzu idan kwantirola ta mutu, VCC ta mutu tare da ita, babu wutar da za ta bi ta oftokofla, rile kuma ba zai motsa ba. Wannan haɗin yana kuma warware matsalar masu bolt 3.3. Idan VCC tana kan 5 kuma ƙafar ESP ta tsaya a 3.3, akwai bambancin bolt 1.7 da yake sa wasu alluna su ƙi saki sosai, ka ga 'yar fitilar tana haske dishi-dishi. Idan VCC ta fito daga 3.3 na ESP, bambancin ya tafi, sai dai ka gwada ka tabbatar 3.3 ta ishi allonka kunnuwa, domin ba kowanne take isa ba.

Masu ƙara yawan ƙafafu da wani guntu su ma su san halinsa. 74HC595 ba ta da tabbataccen hali idan ta farka, tana iya fitowa da kowane jeri na sama da ƙasa. Ƙafarta ta 13, wato OE, ita ce makulli: a ja ta sama da 10k don bakunan fita su zauna a sake, a tura jerin da ake so, sannan manhaja ta kai OE ƙasa. PCF8574 da dukkan ƙafafunta a sama take farkawa, abin da ya sa ta dace da allo mai kunnuwa da LOW, MCP23017 kuma a matsayin masu karɓa take farawa, sai a yi mata rizista kamar yadda aka yi wa Uno. Idan rilen suna da yawa kuma aikin ba ya son kuskure, hanya mafi tsabta ita ce a sa tiransista ko MOSFET ɗaya a kan wutar da ke zuwa koyil gaba ɗaya, a riƙe shi a kashe da rizista, kada manhaja ta kunna shi sai ta gama daidaita kowace ƙafa. Na fi son wannan a kan rataya babbar kafasita a ƙafar IN da wasu suke yi, domin kafasita tana jinkirta kashewa kamar yadda take jinkirta kunnawa, kuma idan aka ɗauke wuta aka dawo da ita nan take ba ta gama sauke cajinta ba.

Bayan an tabbatar rile yana tashi a kashe, sai tambayar abin da manhaja za ta yi daga baya. Fitilar tsakar gida ana iya so ta koma yadda take kafin a ɗauke wuta, kuma ana yin haka ta hanyar ajiye halinta a EEPROM, ma'ajin da ba ya mantuwa idan wuta ta ɗauke. ATmega328P tana da bayit 1024 na wannan ma'aji, kuma kowane gurbi an ƙiyasta masa rubutu 100,000. Wanda yake rubutu kowane minti zai cinye wannan adadi cikin kusan kwana 69, don haka a yi amfani da EEPROM.update, kuma a rubuta sai lokacin da hali ya sauya. Injin ruwa kuwa ban ga dalilin tuna masa halinsa na baya ba. Ya sake duba ma'aunin tanki, ya yanke hukunci sabo. Firiji da na'urar sanyaya ɗaki suna buƙatar jinkirin minti 3 zuwa 5 kafin kwamfuresa ta sake tashi, don matsin iskar cikinta ya daidaita. A ƙirga jinkirin da millis, umarnin da yake ƙirga milisakan, ana rubuta 180000UL don minti 3, kuma a fara ƙirga shi daga kowane tashi. Idan kayan suna da yawa a kan ƙaramin janareta, a kunna su ɗaya bayan ɗaya da tazarar 'yan sakanni, kada su faɗa masa gaba ɗaya.

Game da wutar bolt 230 da ke bakin rilen, amfiya 10 da aka rubuta a jikinsa ba ta nufin zai ɗauki injin da ke jan amfiya 10, domin mota takan ja ninki biyar ko fiye na abin da ta saba a lokacin tashi, kuma wannan ne yake narkar da baki ya manne. Ƙaramin rilen ya kunna kontakta, wato babban rile mai ɗaukar wuta da yawa, kontakta ta kunna injin. Wanda kuma yake haɗa abin sauya layi tsakanin wutar gari da janareta, kada ya bar wa manhaja alhakin hana layukan biyu haɗuwa. A sa kontakta biyu masu makullin ƙarfe a tsakaninsu, a kuma bi da koyil ɗin kowace ta bakin NC na ɗayar.

Gwaji kuwa a yi shi ba tare da wutar gida ba. A juya mita zuwa wurin da take yin ƙara idan waya ta haɗu, a ɗora ta a kan COM da NO, ko a ɗaura ƙaramin ƙwan fitila na bolt 12. Sai a ba na'urar wuta daga mace, a maimaita sau da yawa, a danna maɓallin sake tashi, a loda manhaja ana kallo, a zare wuta a mayar nan take kamar yadda take yi idan ana sauya layi. A buɗe tagar hira da kwamfuta ma, domin Uno tana sake tashi duk lokacin da aka buɗe ta. Idan ido bai kama ƙyaftawar 'yar fitilar allon ba, a ɗauki bidiyo da waya a yanayin tafiyar hawainiya a duba. Daga ƙarshe a bar wutar allon rilen a kunne, a zare ta kwantirola kaɗai, sannan a mayar, a kuma zare wayar IN ɗaya bayan ɗaya. Idan mita ta yi ƙara a ɗaya daga cikin waɗannan, a koma kan hular JD-VCC da rizistan IN da ƙafar da aka zaɓa, a gyara a sake gwadawa kafin a ɗaura kontakta.